Tiyata kyauta, amma wa zai shiga lungu da ƙarfe biyun dare?

Tun da Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwa a watan Nuwamban 2024 cewa za a riƙa yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta, ake ta guɗa kamar an yi jana'izar matsalar mutuwar mata wajen haihuwa. Abu ya yi kyau, ban ce bai yi ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda jami'ai da masu hira a rediyo suka tattare dukan magana a jimla ɗaya: mata su daina haihuwa a gida, su je asibiti. An faɗa, an wanke hannu, an koma ofis.

Tiyata sai wadda ta iso. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne ake yi a asibiti a Najeriya, a Arewa maso Yamma kuwa ko kashi 20 bai kai ba. Birni ya fi ƙauye, gaskiya ne, amma duk wanda ya zauna Kurna ko Dorayi ko Rimin Kebe a birnin Kano ya san mace kan je awo wata da watanni, tana riƙe da katinta, ranar naƙuda kuma ta durƙusa a ɗakinta, daga ita sai surukarta da tsohuwar da za ta yanke cibi.

Masu cewa jahilci ne su nake so in yi wa magana. Sun fi shekara ashirin suna wannan waƙa, tun lokacin da gwamnatin Kano ta fara cewa haihuwa kyauta ce a asibitocinta, kuma har yau ba su tsaya sun tambayi kansu me ya sa wa'azin bai shiga ba. Matar da ta haifi biyar a gida lafiya ba mahaukaciya ba ce. Lissafi take yi. Naƙuda ta tashi tsakar dare, maigida ya yi tafiya ko aljihunsa ba nauyi, babu Adaidaita Sahu a bakin layi, ga jerin kayan haihuwa da za a ce a sayo, ga ɗaki cike da mata ma'aikaciya ɗaya tana zagaye da su, ga tsawa, ga kunyar ɗan fari. Ta auna, ta zauna. Kuma a ce gobe da safe duk masu naƙudar birnin nan sun ji kira sun taho, a wane gado za a kwantar da su? Wannan tambayar ba a son ta a taron bita.

Ingila ba ta jira matanta sun bar haihuwa a gida ba. A 1936 ta yi doka da ta wajabta wa hukumomin garuruwa, har da na Landan, su tabbatar da akwai ƙwararrun ungozomomi masu albashi da za su riƙa bin mata gida, kowace da yankinta da jakar kayan aikinta, da yawa a kan keke. Mai hali ya biya wani abu, marar hali a sassauta masa ko a yafe. Ba wannan kaɗai ya rage musu mace-mace ba, zuwan sababbin magunguna da ƙarin jini ya taimaka ƙwarai. Amma sun gane abin da muke ƙin ganewa: inda mace take haihuwa, nan ake kai mata gwani.

Abubuwan da ke kashe matanmu ba ɓoyayyu ba ne: zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda, sai cutar da ke shiga bayan haihuwa. Ƙwayar misoprostol da ke tsayar da jini ba ta buƙatar firiji. Abin awon hawan jini yana shiga jaka. Mafi girman aikin ungozoma mai ilimi ma shi ne ta kalli mace ta ce wannan ba ta gida ba ce, a tashi yanzu, tun kafin a fara jiƙa rubutu ana jiran asuba. Ita ce za ta kai wa likita matar da za a yi wa tiyatar nan ta kyauta tana da sauran numfashi. In babu ita, ihu ne bayan hari.

Za a ce an gwada. An gwada kam, kuma yadda aka gwada ɗin shi ne darasin. Shirin tura ungozomomi na 2009 ya raba haƙƙin ungozoma ɗaya na wata gida uku: Tarayya naira 30,000, jiha 20,000, ƙaramar hukuma 10,000 da masauki. Jihohi da ƙananan hukumomi da dama suka yi kunnen uwar shegu da nasu kason, ma'aikatan suka tattara komatsansu. Wanda ke da iyayen gida uku, ranar yunwa kowanne zai nuna masa ƙofar ɗan'uwansa. Ban da haka, a asibitin sha-ka-tafi aka ajiye su suna jira, ba a ce su shiga gidaje ba.

Masu cewa a horar da ungozomar gargajiya kwana biyar a ba ta safar hannu, araha suke nema, ba mafita ba. Likitocin da ke cewa gida haɗari ne kuwa, ai matan suna gidan, da yardar likitocin da babu.

Batun kuɗi ma ba ya ba ni tsoro kamar yadda ake tsoratarwa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don lafiya matakin farko. Kano na da asusunta na lafiya, KHETFUND, tana da hukumar taimakekeniyar lafiya ta KSCHMA, tana da makarantar ungozoma a Dambatta. Matsalar ita ce albashi ba a yanka masa ƙyalle. Gini ake yi wa fenti, a kafa allo da hoton mai girma, a kira 'yan jarida. Ba gwamnan da aka taɓa yi wa kirari don ya biya ungozoma ranar 25 ga wata.

Ƙananan hukumomi takwas ne suka haɗu suka yi birnin Kano. A fara da su. Kowace mazaɓa a ba ta ungozomomi biyu ko uku mazauna unguwar, lambar wayarsu tana hannun mai unguwa da limami, kowace tana da asibitin da take miƙa mata da motar da za ta kira. Albashinsu ya fito daga aljihu ɗaya, na jiha, da layinsa a kasafin kuɗi, ba daga hannun wata ƙungiyar waje da za ta naɗe tabarmarta bayan shekara uku ba. Kuɗin gadar sama guda ɗaya, a lissafa mana albashin ungozoma nawa ne, na shekara nawa.