A Hanoi, masu gwangwani ba sa jiran ɗan yawon buɗe ido

Duk Bakanon da ya shiga tsohon garin Hanoi, babban birnin Biyetnam, zai gane tsarin wurin tun kafin a yi masa bayani. Kowane lungu da sana'ar da aka san shi da ita, kuma ita ce sunansa: Hang Bac na maƙeran azurfa, Hang Dong na masu tagulla, Hang Chieu na masu tabarma, Lo Ren na maƙeran baƙi. Mutanen gari na ce wa unguwar "tituna 36", ko da yake sun fi haka yawa. Mu ma ai muna da Dukawa da Majema da Soron Ɗinki.

Har zamanin ya zo ɗaya. A mulkin Sarki Le Thanh Tong, 1460 zuwa 1497, aka ba mutanen ƙauyen Chau Khe izinin shigowa birni su riƙa narka wa fada azurfa, su ne tushen Hang Bac. A daidai lokacin Muhammadu Rumfa ke sarautar Kano, 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi, marinar Ƙofar Mata kuma ana danganta ta da 1498.

Baƙi sun fi rububin Hang Bac. Akwai tsohon zauren maƙera na Kim Ngan da aka gyara da taimakon birnin Toulouse na Faransa, ya yi kyau matuƙa, amma a titin kansa shagunan sayar da sarƙa da zobe da ofisoshin yawon buɗe ido sun fi maƙera yawa. Ni tun da zama ya kawo ni garin nan, Hang Thiec, titin masu gwangwani, shi ya fi kama mini zuciya.

Gajeren titi ne, cikin 'yan mintoci ka ƙure shi, kuma kunnenka ne zai fara sanar da kai ka iso. Mutane na zaune kan 'yan kujeru a bakin hanya, wannan na yanka falle da almakashi, wancan na lanƙwasawa, na ukun na liƙi, babura na ratsawa ta tsakaninsu. Bokitai, mazurari, akwatuna, tire, bututun hayaƙi na gidajen abinci, mazuban kek na bikin tsakiyar kaka, duk a jibge har bakin kwalta. Kakanninsu da kuza suka fara, suna ƙera fitilu da gwangwanin ganyen shayi. Zamanin mulkin mallakar Faransawa da gwangwanin kananzir ya yawaita sai suka koma sarrafa shi. Yau alminiyon ne da ƙarfen da ba ya tsatsa. Kayan aiki sun sauya sau nawa, titin bai mutu ba, domin mai sayar da miyar taliya a lungu na gaba tana bukatar tukunyar da za ta zauna daidai kan murhunta, kuma nan za ta kawo awonta a yi mata.

Gidajen ma sun taimaka. Siririyar fuska gare su da tsawo zuwa ciki, shago a gaba, iyali a baya ko a sama, don haka yaro a cikin ƙarar guduma yake tashi. Ba na cewa daɗi ne zalla. Akwai cunkoso da hayaƙin walda, kuma a Lo Ren da ke kusa wutar maƙera ta kusa mutuwa gaba ɗaya.

To a nan ne nake jin ciwon Ƙofar Mata. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar suna kaiwa har Timbuktu. Buzaye na sayen ɗan Kura don rawani, mata na ɗaura baƙi, kasuwa ce ta masu sawa a jiki. Yau da yawa cikin rijiyoyin sun bushe, atamfar Sin mai araha ta cika Kantin Kwari, kuma duk sanda aka tashi maganar ceto marinar sai ka ji an ce a gyara ƙofa a jawo 'yan yawon buɗe ido. Ban yarda wannan ce mafita ba. Baƙo zai ɗauki hoto, ya sayi ƙyalle ɗaya ya tafi, ba zai dawo baɗi ba. Marinin da ya wayi gari yana jiran motar baƙi kafin ya tsoma zane a baba, ɗansa na kallo, kuma ba zai gaje shi ba.

Hujjata tana nan jikin marinar kanta. Mabuga ba sa rasa aiki, musamman idan Sallah ta matso, saboda har gobe muna sa shadda kuma muna son ta yi sheƙi. Haka Panteka ta Kaduna, inda ake zuba tukwane ana ƙera murhu da injin markaɗe: ba wanda ke kiranta kayan tarihi, amma ita ce ta fi kama da Hang Thiec a duk ƙasarmu.

Abin da nake so a yi wa marina shi ne a nema musu ciniki na yau da kullum. Makarantar da ke ɗinka wa ɗalibai shuɗin yunifom ta ba su kwangila. Otal-otal na Kano su sayi labule da zanin gado a wurinsu. Masu fitar da anko su gwada rinin baba ko da na kamu ne kawai. Su ma marinan sai sun yi abin da masu gwangwanin Hanoi suka yi: su rina yadi mara nauyi da matasa za su iya sawa a zafin Afrilu, su tsaya kan lokacin da suka yi wa tela alkawari, su kuma rage zubar launin da ke sa uwargida tsoron haɗa shi da sauran wanki.