Dokar Bindiga a Gidan Kawu

Duk shekara idan Babbar Sallah ta zo, gidana ne tashar yara. Ban san a wane taro aka yanke wannan hukunci ba, amma tun da Allah ya hore min tsakar gida mai ɗan faɗi a nan Kano, 'yan uwa suka mayar da ni makarantar kwana. Bana na ƙirga su, goma sha ɗaya, ban da nawa uku. Rabi suna ce min Kawu, rabi suna ce min Baffa, ga wasu biyu da har suka tafi ban gano ta ina muka haɗa dangi ba.

Abin da ya tunzura ni, bara ne. Ina zaune ina cin dambun nama cikin nishaɗi sai na ji ƙas a haƙorin taunata. Na tofo, ashe harsashin bindigar roba ne, irin ƙananan nan masu ruwan ɗorawa da ba su kai ƙwayar wake ba. A yinin nan kuma wani ya samu ɗan ƙanwata a ƙasan ido, wurin ya tashi kamar cizon rina. Da ya hau sama kaɗan da wani zancen ake yi. Tun ranar na rantse bana sai na kafa doka.

Kun san yadda abin yake. Yaro zai tara barka da Sallarsa, sabbin 'yan ɗari biyu biyu, kafin ka ce kwabo ya miƙa wa mai baro a bakin titi ya dawo da makami. Daga Sin ake kawo su, a sauke a Sabon Gari, su watsu cikin unguwanni kamar farin dango. Akwai mai harsashi, akwai mai ruwa, akwai kuma mai batir da ke walƙiya tana kuka kamar motar asibiti, wadda nake zaton maƙiyin iyaye ne ya ƙirƙiro ta.

Daren jajibere na samu bayan kwalin Indomie da maka, na zauna na rubuta. Na ɗaya, ba harbi a cikin gidan nan. Na biyu, ba a nuna wa mutum bindiga. Na uku, duk wanda ya karya doka za a ƙwace bindigarsa, kuma zai biya tarar naira 200 a kan kowane harsashi. Na sa hannu a ƙasa, har da kwanan wata, na kafe shi da ƙusa a bakin soro. Uwargida ta tsaya ta karanta, ta goge hannu da zani, ta ce, "Allah ya ja zamanin gwamna." Ta wuce kicin tana dariyar da ba ta fito fili ba.

Da muka sauko daga Idi na tara su a gindin kwalin na yi jawabi. Suka ce to, Kawu. Suka ce mun ji, Baffa. Ladabin ya yi yawa, ya kamata a ce tun nan na sha jinin jikina.

Ba a yi awa guda ba, muna tsakiyar fiɗa, na ji tas a jikin bokitin da ke gefena. Na ɗago, sai ga yara huɗu a jere a ƙofar gida suna auno ciki. Na yi kansu da wuƙa a hannu, na manta ma tana hannuna. Sai 'yar yayata, mai shekara tara, wadda ba ta mallaki ko bindiga ba amma ita ce lauyar rundunar, ta tare ni.

"Kawu, ka ce ba harbi a cikin gida. Duba ƙafarsu. A waje suke."

Na duba. Wallahi a waje suke. Na koma na ƙara rubutu a kwali: ko daga waje. Can kuma sai ragon da muka bari sai washegari ya fara tsalle yana neman tsinke igiya, kaji suka tashi sama. Lauya ta sake bayyana: "Rago ba mutum ba ne, Kawu." Na ƙara: ko dabba. Kafin la'asar kwalin ya cika da gyare-gyare har gefe da gefe, ya fi kundin tsarin mulkin 1999 shan kwaskwarima.

Masu bindigar ruwa su ne suka ƙarasa ni. Hujjarsu ita ce abin da suke yi ba harbi ba ne, feshi ne. Da famfo ya ɗauke, sai suka gano kular zoɓon da uwargida ta haɗa wa baƙi. Na fito daga ɗaki cikin farar shaddata, wadda tela ya riƙe wata biyu sai daren Sallah ya ba ni, aka buɗe min wuta daga bayan durom. Duk wanda ya gan ni a lokacin zai ɗauka ni aka yanka.

Nan na soke shari'a, na koma mulkin soja. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na tattara makamai, guda tara, na zuba a buhun shinkafa, na ɗaure, na jefa kan sif. Na ce yanzu a zauna lafiya.

Wane mutum! Wannan ya ɗauki muciya, wancan ya ɗauki ludayi, wani ya karyo kara daga dangar maƙwabci. Autan ƙanena, wanda bai fi shekara huɗu ba, ya gatsi gurasarsa ta gefe biyu har ta yi kama da ƙaramar bindiga, ya auna ni yana cewa tau, tau. Me zan ƙwace, gurasa? Bayan magariba kuma na nemi hulata sama ko ƙasa, sai aka turo min takarda ta ƙarƙashin ƙofa da rubutun ɗan firamare: hularka tana hannunmu, kuɗin fansa bindiga tara.

Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Mu da muna yara, idan aka ce 'yan bindiga, mutanen Sarki ake nufi, waɗanda ke ɗura albarushi suna tashin ƙasa da ƙara a Hawan Daushe, mu kuma muna bin hayaƙin muna shaƙa. Su waɗannan a rediyo suka koyi kalmar, daga labaran Zamfara da Katsina, har sun san ana aiko da saƙo a faɗi farashi. Na shiga ɗakin Hajiyarmu, wadda ita ma a nan take Sallah, na fara yi mata ƙorafin lalacewar yaran zamani. Ban lura jikoki sun cika bakin ƙofa ba.

Hajiya ta ajiye carbi ta dube ni. "Kai ne za ka faɗa min? Wa ya cire wa keken mahaifinku sifok ya haɗa bindigar ashana? Wa ya kankare min kwalin ashana biyu ya ɗura, ya buga a bango ya ƙona min sabon zane? Kai, tashi ka ba ni wuri."

Yaran suka dubi juna. Na ga lauya tana ajiye maganar a inda ba za ta ɓata ba.

Washegari da rana aka kwashe su a Adaidaita Sahu uku zuwa gidan zu. Gida ya yi tsit, sai ƙamshin suya. Ina kwance idona ya kai kan buhun. Maganar Hajiya ta taso min da tsohon tsumi. Na ce bari dai in duba ƙarfin abin nan, don in san irin haɗarin da nake kare su daga gare shi. Aikin bincike ne kawai. Na zaro babbar cikinsu, baƙa mai kama da ta sojoji, na ja ta ta yi ƙaras. Ai kuwa daɗin da na ji a hannuna, sai wanda ya taɓa.

A kan katanga ga wani jan gwada yana ta gyaɗa min kai kamar ya san ni. Na harba, na kuskure. Na sake, na kuskure. Ya gyaɗa kai. Abin ya zama na mutunci. Na tuɓe riga na rage daga ni sai singileti, na durƙusa bayan durom, na kanne ido ɗaya, har ina ba kaina umarni a hankali.

"Salamu alaikum."

Surukina ne. Mahaifin uwargida, dattijon da shekara goma sha biyar ban taɓa cin abinci a gabansa ba, yana tsaye a bakin soro da babbar riga da sanda, daidai gindin kwalin dokata. Yatsana kuwa ya riga ya tafi. Harsashin ya bugi langa-langar ƙofa, ya dawo ya faɗo a gaban takalminsa yana mirginawa. Na rasa abin yi da bindigar, sai na durƙusa da ita a hannu na ce, "Baba, barka da Sallah." Ya dubi kwalin, ya dube ni, ya ce, "Barka kadai. Ana ta fama da tsaro?"

Da a nan abin ya tsaya da na gode wa Allah. Ashe Auta mai gurasa ba a tafi da shi ba, barci ya yi aka bar shi, kuma tun harbin farko yana laɓe a bayan labule. Rundunar na dawowa ya kai rahoto. Aka kafa kotu a tsakar gida, surukina a kujerar alƙali yana ta shafa gemu don ɓoye dariya, lauya ta ciro kwalin daga ƙusa ta karanta da ƙarfi, har da wurin da na sa hannu. Aka baza yara neman shaida, suka tsinto harsashi bakwai. Na ce biyar na harba, biyun tsofaffi ne na jiya. Alƙali ya ce wanda ya rubuta "ko dabba" da hannunsa ba shi da bakin ciniki. Na biya naira 1,400. Sannan aka zo batun ƙwace bindiga, lauya ta ce tun da buhun gaba ɗaya a hannun mai laifi aka same shi, gaba ɗaya za a ƙwace. Hajiya daga ɗaki ta ce, "Gaskiya ne."

Hulata ta dawo da daddare, da tabon zoɓo a gefe. Kwalin kuma na gan shi a hannun uwargida tana fifita gawayi da shi. Jiya da safe, kwana biyar da tafiyarsu, na ɗebo dambun nama na kai baki, na ji ƙas. Na tofo a tafin hannu ina shirin kiran iyayensu a waya, uwargida ta leƙo ta ce, "Na takwas ke nan. Kawo ɗari biyu."