Sauron Kabi ko na Kumasi

Jama'a duk wanda ya ce maku Gana nan kusa ce, ku ce shi biya kuɗin mota ku tafi tare. Abokina ne tun na sakandare a Birnin Kebbi, daga baya kawunsa ya ja shi Kumasi harkar goro, ya yi aure can ya zauna, kullum sai ya turo mani hoton itatuwa kore shar a WhatsApp yana cewa mutumina ka zo ka huta da ƙurar Kabi. To ranar da matarsa ta haihu ya kira ni da asuba ya ce in ban zo suna ba abota ta ƙare, kuma wai raguna biyu zai yanka. Ni kuma ba ni wasa da zancen rago, ranar na ɗaure kayana cikin gana-mas-go na ɗauki fasfo da buta na nufi tasha.

Hanya kam ba sai na ba ku labari ba. Jega, Yawuri, Kwantagora, Mokwa, gadar Jabba, Ilori, Badun har Legas, ƙugu ya gama mutuwa tun ba a fita Najeriya ba. Daga nan Seme, Kwatano, Lome, sannan Aflawo bakin Gana, iyaka uku ke nan, ba a neman biza tunda duk ECOWAS ce amma kowace iyaka sai an ce ina yalo kad, katin nan na allurar shawara. Naira ta koma sefa, sefa ta koma sidi, duk canjin da anka yi sai in ga kuɗina sun ƙara ramewa.

Da munka iso Ankara, babban birnin Gana, abin da ya fara karɓa ta zafi ne, kuma ba irin namu ba. Mu a Kabi watan Afrilu ana wuce digiri 40 amma busasshen zafi ne, ka yi zufa iska ta shanye. Can kuwa saboda teku zufar ba ta bushewa, rigata ta manne a bayana tun safe, na yi alwala ban san inda ruwan alwala ya tsaya zufa ta fara ba. Ga yunwa. Nan bakin tasha na ga layi gaban wata mata ta buɗe ƙatuwar tukunya tana zuba shinkafa da wake ja-ja-ja a ganye, su can "waace" suke ce masa, da karan dafi ake dafa shi shi ya sa yake yin ja. Ta zuba mani, ta ɗora taliya, ta barbaɗa garin rogo, ta sa dafaffen ƙwai da ganda, sannan ta ɗauko cokali ta nuna wani baƙin yaji mai mai da suke kira shito ta kalle ni alamar in ya isa in yi magana. Ni da na tashi da yajin ƙuli na 'yan tsiren Jega mi zai ba ni tsoro, na ce ƙara Hajiya. Ta ƙara. Wani dattijo da ke bayana ya ce baƙo ne ko, na ce e, ya ce Allah shi sauwaƙe. Na ɗauka addu'ar hanya ce.

Gaskiya abincin ya yi daɗi, wannan ko gaban alƙali zan faɗa. Na kora da fiya wata mai sanyi na hau babbar mota mai esi zuwa Kumasi, tafiyar wajen kilomita 250. Ba mu yi nisa ba cikina ya fara tsuwa, tun ina gyara zama ina karanto duk addu'ar da na sani har na kai ga riƙe kujerar gaba da hannu biyu, ga fim sun ƙure sauti, ga wata mata kusa da ni tana ɓare gyaɗa hankali kwance tana miƙo mani. Na lallaɓa gaba na yi wa direba Turancin da na haɗa da kyar, ya ce sai Nkawkaw ake tsayawa. Na ce ina ne Nkawkaw, ya nuna gaba da baki. Wallahi ban taɓa ƙaunar ganin wani gari ba kamar garin nan da ko sunansa ban iya faɗa daidai. Da munka isa ni na fara dira da buta a hannu, a ƙofar ban ɗaki wata mata ta tare ni wai sai na biya, na zube mata duk silallan da ke aljihuna ban tsaya canji ba. Motar nan sai da ta jira ni, kuma da na dawo duk fasinja sun san abin da ake ciki, wasu har da sannu.

Da dare na isa gidan abokina a Aboabo, unguwar zango ce, Hausa ko'ina kamar kana gida, gida cike da 'yan barka. Ya rungume ni ya ce kai jikinka zafi, na ce gajiya ce. Kafin asuba haƙorana na kaɗawa, an lulluɓa mani bargo biyu da dardumar sallah ina cewa a ƙaro, kai kamar ana sara da gatari, ga kuma zirga-zirgar bayan gida ba ta tsaya ba.

To nan fa na ga gata har ya yi yawa. Mahaifiyar abokina, Hajiya, ta ce ɗana kwantar da hankalinka nan ma gida ne, ta sa anka tafasa ganyen dogon yaro da na mangwaro da na gwanda anka rufe ni da bargo a kan tukunya na yi surace har na ga taurari. Maƙwabciya ta aiko da ruwan ganyen gwaiba wai na tsai da ciki. Wani tsoho da ya zo duba ni ya ce canjin ruwa ne, wani ya ce ai iskar daji ce ba ta son mutumin Arewa, ladanin unguwa ya kawo rubutu. Duk wanda ya shigo sai ya taɓa goshina ya ce ai kai ne baƙon Najeriya mai buta, ashe labarin mota ya riga ni isowa, wani ɗan unguwar na ciki.

Mai jego ce daga ɗaka ta aiko cewa a bar wahal da bawan Allah a kai shi asibiti. Wata nas ta soki yatsata ta ɗiga jinin a ɗan farin abin gwaji, ba a fi minti 15 ba layi biyu sunka fito, ta ce maleriya, cikin kuma abin da ka ci ne ko ruwa. Na juya na kalli abokina na ce ka gani ko, ka kira ni ƙasarku sauronku ya gama da ni. Nas ɗin ta ji Hausa sarai, ta ce Malam yaushe ka shigo Gana, na ce jiya. Ta ce yaushe ka baro gida, abokina ya yi caraf ya ce ranar da anka haihu, kuma ko suna ba a yi ba. Ta yi dariya ta ce to ƙwayar maleriya in sauro ya sa maka ita sai ta fara zama a hanta, ba ta nuna kanta ƙasa da kwana 7, sau da yawa ma sai 10 zuwa 15, don haka wanga zazzaɓi da guzurinka ka zo.

Abokina abin nema ya samu. Tun a cikin tasi ya buɗe waya yana karanto mani cewa binciken 2021 ya nuna kashi 49 cikin ɗari na yara ƙanana a Kebbi na da maleriya, babu jihar da ta kai mu, shi ya sa ma da za a fara allurar rigakafinta a Najeriya a Disambar 2024 da Kebbi da Bayelsa anka fara, su kuwa Gana tun 2019 suke yi wa yaransu. Na ce kai ma fa ɗan Kabin ne, fadamar da ta ba ka shinkafar da ka girma da ita ita ke kiwon sauron. Kuma ni har gobe ban yarda na gida ne ya yi mani haka ba, mun san juna da su tun ina cikin zanen goyo. In ma a gida anka cije ni to baƙon sauro ne ya tsallako daga Gaya ta Nijar ya biyo ta Kamba, tunda su ba mai tare su a iyaka.

Ranar suna kuwa kada Allah shi maimaita mani. An yanka ragunan nan biyu, ana suya a tsakar gida daidai tagar ɗakin da nake kwance, ƙamshi na shigowa, ni kuma an ajiye mani jarkar ruwan gishiri da sukari, lita ɗaya cokalin shayi shida na sukari rabin cokali na gishiri, da ƙwayoyin maleriya huɗu da safe huɗu da dare na kwana uku. Nas ta ce a sha su da abu mai ɗan maiƙo don su yi aiki, na ce alhamdu lillahi ga hujja, a kawo tsoka. Hajiya ta ce maiƙo ko, ta aiko mani da madara rabin kofi. Yaran gida na wucewa da hanta a tsinke suna leƙo ni, abokina ya shigo baki duk mai ya ce mutumina ya jiki, ka yi haƙuri naman ma bai yi wani daɗi ba.

Da na samu sauƙi ya ja ni kasuwar Kejetia, mun zagaya ƙafata na rawa, munka wuce ta gaban fadar Manhyia ta sarkin Asante, ya ɗauke ni hoto na aika gida, ƙanwata ta rubuto wai yaya azumi kuke yi a can. Ranar da zan taho Hajiya ta haɗa mani tsaraba, goro, soyayyen naman da ta ɓoye mani a gwangwani, kwalbar shito guda, da sabon gidan sauro cikin ledarsa, ta ce ɗana wannan in ka isa ka ɗaura tun daren farko. Naman tun kafin Lome na gama da shi. Shiton kuma na ba wani maƙwabcina da ya daɗe yana riƙe mani kuɗi, na ce masa ba ya da yaji sosai, ya zuba da yawa.