Ka je filin da ɗanka yake buga ƙwallo

'Yan'uwana iyaye, musamman masu yara 'yan shekara 10 zuwa 16, ina so mu yi maganar filin nan na bayan unguwa, inda ƙura ke tashi tun daga la'asar har a kira magariba. Duk mun san yaranmu suna can. Muna ganin ƙafafunsu futu-futu idan sun dawo, muna jin uwarsu tana korar su su je su yi wanka kafin su taɓa tuwo. To amma mu nawa ne muka taɓa tsayawa a bakin filin? Mu nawa muka san sunan kocin da muke bar wa ɗanmu awa biyu kullum?

Ni ma na daɗe ban je ba, kuma ranar da na fara zuwa ɓarna na yi. Ɗana na biyu yana da shekara 12 a lokacin, ana buga wasan unguwa da unguwa. Aka ba su fenariti, aka ce shi zai buga, ya buga ta wuce ta saman raga. Sai kawai na ji muryata ta fi ta kowa, ina kiran sunansa, ina cewa ko makaho ba zai zubar da wannan ba. Mutane suka yi dariya. Da na goyo shi a babur za mu gida bai ce uffan ba, sai da muka isa ƙofa ya ce, "Baba, don Allah kada ka ƙara zuwa." Wallahi har yau idan na tuna maganar nan sai jikina ya yi sanyi. Yaron ya yi wata da watanni yana roƙona in zo in gan shi, ranar da na zo kuma na kunyata shi a gaban abokansa.

A ganina mun kasu biyu, kuma duka biyun muna cutar yaran. Akwai wanda yake ganin ƙwallo shashanci ce, ya hana, ya yi duka, ya yanka ƙwallon da wuƙa. Yaron nan ba zai daina ba, ɓoyewa kawai zai koya: ya ajiye takalminsa a gidan aboki, ya ce ya tafi Islamiyya alhali yana fili. Ka rasa sanin inda yake, ka kuma koya masa ƙarya. Addininmu bai ƙi motsa jiki ba. Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, kuma ya faɗa cewa mumini mai ƙarfi ya fi alheri da soyuwa wurin Allah a kan mumini mai rauni, duk da cewa kowannensu akwai alheri a tare da shi. Abin da ya rage a kanka shi ne tsari: ga lokacin karatu, ga lokacin wasa, in an kira salla a ajiye ƙwallo.

Kashi na biyu ya fi damuna, domin yana ƙaruwa. Shi ne uban da ya zauna a gidan kallo ya ji albashin da ake biyan 'yan wasa a Ingila duk mako, ya dawo gida ya dubi ɗansa ɗan shekara 13 ya ga jari. Daga ranar yaron ya daina wasa, ya koma ɗaukar nauyin gida da ƙafarsa. In ya ci a yi masa fara'a, in koci ya zaunar da shi a benci a je a yi rigima da koci. Yaro yana gane wannan sarai. Yana sanin ranar da murmushin babansa ya koma ya dogara da ko ƙwallo ta shiga raga.

Irin wannan uban ne ejan ɗin bogi yake nema. Zai zo da hotunansa da Turawa a waya, da takarda mai tambarin wani kulob, ya ce akwai gwaji a Turai, a kawo kuɗin biza da na jirgi. A sayar da fili, uwa ta sayar da ɗan kunnenta. Ku riƙe wannan da kyau: dokar FIFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, ta hana a ɗauki yaro daga ƙasarsa zuwa kulob ɗin wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, in ban da wasu 'yan dalilai, kamar a ce iyayensa ne suka yi ƙaura don wani aiki da bai shafi ƙwallo ba. Ahmed Musa kansa ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 da Kano Pillars, ya fi kowa ci a gasar Najeriya, kulob ɗin VVV-Venlo na ƙasar Holan ya saye shi, amma sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoba na 2010 kafin ya samu izinin buga musu wasa. In wanda duk ƙasa ta san shi ya jira, wane ne wannan da zai ce zai kai ɗanka ɗan 15 Sifen wata mai zuwa? Kulob na gaskiya in yana son yaro shi yake kashe kuɗi. Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma yaron ne zai sha wahalar, shi kaɗai a ƙasar da bai san kowa ba, biza ta ƙare, kunya ta hana shi kiran gida.

Sai maganar rage shekaru, wadda muka mayar kamar ba laifi ba. Uba da kansa zai je ya yi rantsuwa a kotu cewa ɗansa mai shekara 19 yana da 15. Tun 2009 FIFA take amfani da na'urar da ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da 17, domin ƙashin yana nuna ko girma ya kammala. A 2016 'yan wasa 26 na Najeriya suka faɗi wannan gwajin ana dab da wasa da Nijar, kuma Nijar ta fitar da mu, alhali mu ne muka ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 a 2013 da 2015. Ban da tonon asiri, ka duba wanda aka zalunta: yaron maƙwabcinka mai shekara 15 ta gaskiya, wanda aka ture aka ba ƙato gurbinsa. Kuma da wane baki za ka ce wa ɗanka kada ya yi maka ƙarya, bayan kai ka kai shi aka sauya masa ranar haihuwa?

Abin da yaron yake buƙata a wurinka ba shi da tsada. Ka je ka gaisa da kocin, ka san gidansa, ka tambayi mutanen unguwa halinsa. Ka lura ko yana zagin yara ko dukansu, ka san inda za su kwana in za a yi tafiya, kada ka bar wani babba ya riƙa keɓewa da ɗanka da sunan zai taimake shi. Wannan magana ce mai nauyi, amma gara a faɗe ta. A watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato yakan haura digiri 40. Ka tabbata ya tafi da ruwa, kuma bai fita da yunwa ba. In ya ce gwiwa ko idon sawu na ciwo, kada ka ce ya daure shi namiji ne, kada kuma a ba shi ƙwaya daga kyamis ya koma fili. Ta nan tiramol yake shiga rayuwar wasu yaran. In an yi karo kansa ya bugu, yana jin jiri ko amai, wasa ya ƙare a ranar, asibiti za a je. Yaron da yake suma ko yake kukan ciwon ƙirji idan ya yi gudu, likita zai duba zuciyarsa. Waɗanda suka girme mu suna tuna yadda ɗan wasan Najeriya Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na Legas a 1989, ana wasa da Angola, bai tashi ba.

Makaranta kuwa babu ciniki a kanta. Ka ƙirga yaran da kuka buga ƙwallo tare a unguwarku, waɗanda ake cewa babu kamarsu, ka ga nawa ne suka ci abinci da ita. Karaya ɗaya ta isa ta rufe wannan ƙofar. Na ce wa nawa, ranar da sakamakonsa ya faɗi takalmin zai huta mako biyu, kuma na cika sau ɗaya, bai ƙara bari mun kai can ba.

Bayan abin da ya faru ranar fenaritin nan na ba ɗana haƙuri, ko da yake bakina ya yi nauyi kafin in iya. Ya ɗauki kusan wata biyu kafin ya ce in zo. Yanzu nesa da koci nake tsayawa, ba na ba da umarni, ba na tanka wa alƙalin wasa ko da na ga ya yi kuskure. In an tashi na miƙa masa ruwa, na ce na ji daɗin kallonsa. A hanya ba na tayar da maganar wasan sai in shi ya tayar, kuma yawanci kafin mu kai kwanar gidanmu ya fara ba ni labarin yadda golan ɗaya ɓangaren ya kusa kama ta.