Yadda aka cika mini ɗaki da fasinjan Zariya

Tunda labarin ya riga ni isa majalisa, kuma na ji an zuba masa gishiri har ana cewa wai na yi kuka, gara ku ji daga bakina. Ban yi kuka ba. Sabulu ne ya shiga idona.

Kun dai san yadda muka ƙare da mai gidan hayar nan na Gyaɗi-Gyaɗi, ba sai na maimaita ba. Ya ninka kuɗi, na ce ba zan biya ba, ya ce ƙofa a buɗe take. Ni kuwa a lokacin na yi wata uku ina kallon Turawan nan na YouTube masu zama a cikin mota, mutum shi kaɗai da karensa, ya farka ya zuge ƙofa, ga dutse ga tafki. Na ce ai ni ma ba daga sama na faɗo ba. Na sayar da fulotina na Rijiyar Zaki (Hajiya ba ta sani ba har yau, duk wanda ya gaya mata ni da shi ne), na sayi tsohuwar bas ƙirar Hayis fara, na kai ta Ƙofar Ruwa aka cire kujeru. Kafinta ya buga gado da ɗan kabad, aka ɗora sola biyu a rufi, batir da inbata a ƙarƙashin gado, jarkoki biyu masu cin lita 25, ƙaramar tukunyar gas, sai labule da ya raba can baya wajen but ya zama makewayi. Kujera ɗaya doguwa na bari a bayan direba, wai falo. Ku riƙe wannan kujerar, ita ce ta kashe ni.

Abin da ban yi la'akari da shi ba, su can Amurka akwai filayen da aka tanadar wa irin waɗannan motoci. Ka biya ka ajiye motarka, ka jona wuta, ka jona ruwa, har da ramin da za ka juye tankin bayan gida. In sanyi ya matsa su gangara Arizona su baje a hamada. A Kano kuwa, duk filin da ka ga ba mai shi, ba ka tsaya a cikinsa ba ne. Daren farko a Nasarawa mai gadi ya kore ni. Na biyu a Hotoro 'yan sintiri suka dalle ni da tocila ƙarfe biyun dare, kuma ban ga laifinsu ba, ni ma in na ga farar bas mai labule a bayan gidanmu ba zan yi barci ba. Ga shi watan Afrilu, zafin rana ya haura digiri 40, ƙarfen mota ya wuni yana shan rana ya kwana yana amayar mini da ita, fanka ta cinye batir kafin ƙarfe uku. Maganar yawon ganin tafki kuwa, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ta zama ta masu hali. Na so in riƙa farkawa a bakin dam ɗin Tiga, lissafin lita ya ce in farka a Na'ibawa.

To a Na'ibawar na samu mafaka, a gefen titin Zariya, daf da teburin wani mai shayi. Akwai haske, akwai jama'a har asuba, ba mai tambayar bas me take yi a nan. Ban tsaya na tambayi kaina dalilin da ya sa ba mai tambaya ba.

Ranar wata Asabar na dawo daga sallar asuba, na ja ƙofar gefe na shige. Makullinta dama sai an yi masa dabara, ranar ban yi ba. Na ɗumama ruwa, na shiga bayan labule, na tsuguna a cikin bahon roba, domin a Hayis ba a wanka a tsaye. Allah ya taimake ni da gajeren wando nake yi, wannan kaɗai ne wayon da na yi a duk harkar. Na cika kai da kumfa ke nan sai na ji ƙofa ta yi gurrr, motar ta ɗan lotsa gefe guda, wata murya ta tsohuwa ta ce, "Bismillahi. Miƙo mini ƙullin nan, ke kuma matsa ciki."

Na yi mutuwar tsugune. Tawul ɗina yana rataye a kan kujerar da take zaune.

Yanzu kowa a majalisa cewa yake me ya sa ban yi magana ba tun a nan. Haka ne. Amma a lokacin lissafin da ya zo mini shi ne, in na yi shiru za su ga ba direba su sauka. Ina nan ina wannan lissafi motar ta sake lotsawa. Ta sake. Na ji wani ya zauna a kan gadona yana cewa, "Ikon Allah, mota har da katifa. Wannan ta Abuja ce aka karkato da ita." Wani ya ce akwai ma wajen caji, na ji inbata ta yi ƙara, wato ya jona. Wata ta buɗe kabad ta ce direban nan mai tsafta ne, ga shi har da su man shanu.

Sai na ji ana dukan jikin motar da tafin hannu, daidai saitin kunnena. "Zariya! Zariya! Kura, Kwanar Ɗangora, Zariya! Mutum biyu ta tashi!" Ɗan kamasho. Ban san shi ba, ban ɗauke shi aiki ba, bai taɓa ganin fuskata ba, amma ga shi yana rantsuwa da Allah cewa direba ya je shan shayi ne yanzu zai dawo.

Kumfa ta fara gangarowa cikin idona. Na laluba kofi ban samu ba. Na ce to bari in yi gyaran murya. Na buɗe baki ke nan sai na ji ana cewa a waje, "Buhun shinkafar fa?" Ɗan kamasho ya ce, "Kawo a sa a but."

Jama'a, ƙofar but ta Hayis sama take ɗagawa, kuma ɗagawa take gaba ɗaya, ba ta san rabi ba. Haske ya shigo. Iskar safe ta buge ni. Na buɗe ido ɗaya, ga titin Zariya tun daga nan har inda ido ya ƙare, ga 'yan adaidaita sahu sun yi layi, ga 'yan mata masu tallan ƙosai, ga wani mai buhu a ka, ga ɗan kamasho riƙe da ƙofa. Ni kuma ga ni a tsugune cikin baho shuɗi, kai fari fat kamar an yi wa tulu rawani, soso a hannu.

Kun san abin da na ce? Wannan ne ke hana ni barci. Cewa na yi, "Sannunku da zuwa."

Sannunku da zuwa! Kamar masu zuwa gaisuwar salla. Duk Hausar da na sha a nono, ita ce ta fito. Shi kuwa ɗan kamasho ko gezau, ya dube ni, ya dubi bahon, ya dubi buhun, ya ce, "Direba, ɗan matsa da robar mu sa kaya."

A daidai nan wani yaro ya yaye labulen ta ciki, aka haɗa ni gaba da baya. Mutum shida. Na ƙirga su, domin ba ni da wani abin yi. Tsohuwar ta leƙo ta kan kujera ta ce, "Ɗan nan, yi maza ka ɗauraye, suna za mu, rana tana yi."

Na ce, "Iya, ba motar haya ba ce. Gidana ne."

Ta yi shiru. Ta dubi gado, ta dubi tukunyar gas, ta dubi silifas ɗina. Ta ce, "Kana da mata?" Na ce a'a. Ta gyaɗa kai ta ce, "Shi ya sa." Sannan ta miƙo mini tawul ɗin, wanda ashe a kansa take zaune tun ɗazu, da ɗuminsa. Suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya, ba mai dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Mai cajin ya ce in bar shi ya kai kashi 20. Wani dattijo da zai sauka ya dafa kafaɗata mai kumfa ya ce, "Allah ya ba da lafiya." Ɗan kamasho ya ce shi dai ya yi lodin mutum shida, haƙƙinsa yana wuyana. Na ba shi naira 500 don ya sauke but ɗin.

Amma duk waɗannan na yafe musu. Wanda ban yafe wa ba shi ne mai shayi. Mutumin nan sati uku ina cin indomi da ƙwai a teburinsa, safe da dare. A solata yake cajin wayarsa da rediyonsa, kyauta. Ya san motar nan ko taya ba ta motsawa. Yana zaune, tazarar da ke tsakaninmu ba ta kai taku goma ba, ya ga tsohuwa ta shiga, ya ga ta biyu, ya ga ɗan kamasho yana dukan gidana, bai ce uffan ba. Daga baya ma na ji har shayi ya miƙa wa biyu daga cikinsu ta taga. Da na tsare shi, sai ya ci gaba da sheƙa shayinsa daga kofi zuwa kofi, ya ce, "Wallahi Malam na ɗauka ka fara lodi ne. Har na ce alhamdulillahi, bawan Allahn nan ya samu sana'a." Wato duk zaman da muka yi kallon marar aikin yi yake mini. Mutumin da madararsa gwangwani ɗaya take zagaye kofi tara. Mutumin da in ka ce ƙwai biyu sai ya juya maka baya kafin ya fasa. Kuma na tabbata shi ya kai labarin bakin wani mutuminku na Kantin Kwari, domin maganar rawanin tulu a wajensa na fara jin ta. Yanzu in na doso teburin sai yaransa su fara, "Zariya mutum ɗaya!" Ina zuwa dai har yanzu, don shi kaɗai ne ke kaiwa ƙarfe ɗayan dare a layin.

Iya kuma ta manta ƙullin daddawarta a ƙarƙashin kujera, sai bayan kwana uku hanci ya nuna mini wajen. Na ajiye mata ko za ta dawo ta nan. In akwai wanda ya san mai gyaran makullin ƙofar Hayis na kirki, ban da wancan na farko, ya yi mini magana.