Telan da Bai Taɓa Keke Ba

Dangin Inna duk teloli ne. Kakanmu tela ne a Birni, Kawu ya gaji kekensa ya buɗe shago kusa da kasuwar Dole, ƴaƴan Kawu kuwa tun ba su iya ɗaura wando ba suka iya zura zare a allura. Ni kaɗai na fita zakka. An kai ni shagon ina ƙarami aka ba ni sa maɓalli, kafin la'asar Kawu ya haɗa ni da almajirinsa ya maido ni gida, da saƙon cewa a bar yaron nan da lakwal, Allah ya ba shi sa'a a can.

Ɗinkin da na guda ya biyo ni ta cikin kwamfuta. Akwai wani wasa da ake kira The Sims. Wani Ba'amurke mai suna Will Wright ne ya ƙirƙiro na farko a kamfanin Maxis, ya fito a 2000. Na huɗu ya fito a 2014, sai a watan Oktoba na 2022 kamfanin Electronic Arts ya mai da tushen wasan kyauta, a nan ne irinmu muka samu ƙofar shiga. Babu bindiga a ciki, babu tseren mota. Mutum za ka ƙera, ka zaɓa masa hanci da tumbi da hali, ka gina masa gida, ka nema masa aiki, idan ya matsu ka tura shi bayi. Ƙanwata ta leƙa ta ce wannan ai reno ne, ba wasa ba.

Wani abokina ɗalibin Jami'ar André Salifou ya sauke mini shi, na zauna na ƙera Alhaji. Na ba shi furfura da gemu da tumbin da ya dace da matsayinsa, na sauke shi a garin Oasis Springs, wanda yake hamada ce da duwatsu, don kada ya yi kewar Damagaram. Da na buɗe ma'ajin tufafi sai ga kwat, ga jins, ga gajeren wando mai furanni. Hijabi da hula dai akwai, tun 2019 aka saka su. Babbar riga ce ban gani ba. Dattijo mai furfura yana yawo cikin ƴar riga mai gajeren hannu, gwiwar hannu a waje, na kasa jurewa.

Masu wasan nan a duniya sun daɗe suna ɗinka wa mutanensu kaya, har suna rabawa kyauta. Ana amfani da wata manhaja, Sims 4 Studio. Za ka ɗauki rigar da take cikin wasan ka kwafe ta, ka fitar da hoton yadinta, ka canja shi, ka ajiye sabuwar a jakar Mods, inda wasan ke ɗaukar kayan da aka ƙara masa, shi ke nan ta shiga ma'aji. Hoton yana da faɗin 1024 da tsawon 2048, kuma an shimfiɗa jikin mutum gaba ɗaya a kansa, riga da gurbinta, wando da nasa, takalmi da hula kowanne da kusurwarsa. Idan launi kawai kake so ka canja, aikin shayi ɗaya ne. Babbar riga kuwa ba launi ba ce, girma ce, kuma girma sai an shiga Blender, manhajar sassaƙa siffofi wadda ita ma kyauta ce, sai dai kyautar da take cin barcin mutum.

Na nemi tufa mafi tsawo a kayan maza, na samu rigar wanka mai igiya a ƙugu. Ita na kwafa. Na buɗa ta, na ja gefenta, na ja, har ta kai faɗin da za a shiga ɗaurin aure da ita ba a ji kunya ba. Na zana mata shadda fara mai walƙiya da aiki a ƙirji. A cikin Blender mutum tsaye yake cak, hannuwa a buɗe, ba ya motsi, kuma a haka rigar nan ta yi kyau har na ɗauki hotonta na aika wa abokina da dare.

Yadi a wasan nan ba ya zubowa da kansa. Akwai ƙwarangwal a cikin kowane mutum, kuma kowane ɗigo na riga sai an ɗaure shi da ƙashin da zai bi. Hannun riga ya bi ƙashin hannu, ƙafar wando ta bi ƙashin cinya. To ita babbar riga, wannan makeken yadin da ke rataye tsakanin wuyan hannu da gwiwa, na wane ƙashi ne? Ba na kowa ba ne. Manhaja ta duba ta raba shi ga na kusa, rabi ga yatsu, rabi ga gwiwoyi. Alhaji ya fito ƙofar gida, maƙwabciya ta gaishe shi, ya ɗaga hannu zai amsa, sai ya buɗe kamar jemagen da aka taso daga kuka. Ya ɗauki kofi, gefen riga ya riga kofin isa baki. Ya zauna a kujera, tumbi ya huda shadda ya fito yana kallon jama'a.

A haka Kawu ya same mu, ya zo gaida Inna bayan isha'i. Ya gyara tabarau, ya sunkuya, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya yanka wannan?"

Na ce, "Ni ne, Kawu."

Ya ce, "Na gane hannun."

Bai tsaya kan fukafukan ba tukuna, aikin ƙirji ya fara bi. Ya tambaye ni a wane gari ne ake sa aljihu a dama. Na ce hoto ne ya juya, ya ce to juyo shi. Ya sa ɗan yatsa a kan gilashi yana ƙirga asake, ya ce aska biyu ya sani, aska takwas ya sani, aska shida da rabi kuwa yau ya fara gani. Tambarin da na zana ya ce ya fi kusa da maganin sauro. Inna tana gefe tana cewa a yi wa yaro a hankali, tana dariya a cikin mayafi.

Na yi masa bayanin ƙasusuwan, ina zaton zai gaji ya tafi. Sai ya ja kujera.

"Kai, ka taɓa ganin mai hankali ya saki hannun babbar riga yana shan shayi? Yadi goma ake saya, rabinsa a kafaɗa yake kwana. Naɗe mishi."

Na koma Blender na tattare yadin nan na ɗora shi bisa kafaɗu, ninki kan ninki, na ɗaure shi da ƙashin kafaɗa da na ƙirji. Alhaji ya ɗaga hannu, riga ta tsaya. Ya sha shayi, ya yi rawa ma, riga ba ta motsa ba. Abin da na kwana ina nema a bidiyon Turawa, tela ya warware shi yana sakace. Kawu ya miƙe ya ce da na zauna a shago da tun ina ɗan shekara goma na san wannan.

Sauran matsalolin ƙanana ne, sai dai sun fi ban kunya. Wasan yana ajiye kowace tufa kashi huɗu, mai cikakken aiki don kallon kusa, sauran masu sauƙi don nesa, saboda kada kwamfuta ta wahala. Ta kusa ce babbar riga. Na nesan suna nan yadda na kwafo su. Saboda haka idan ka matso, ga Alhaji dattijon arziki, idan ka ja da baya, ga wani tsoho yana ratsa titi da rigar wanka. Ƙanwata ta ce a bar shi haka, akwai irinsu a gari.

Sannan akwai wasu ƴan akwatuna da ake yi wa alama, waɗanda ke gaya wa wasan lokacin da za a sa tufa: yau da kullum, biki, barci, motsa jiki, iyo, da kuma ko mutanen gari za su iya ɗauka su sa. Rigata ta fito da alama a kowane akwati. Gari ya waye Oasis Springs kowa da babbar riga. Ana gudu da ita a gidan motsa jiki, ana tsalle da ita cikin tafkin iyo. Alhaji kansa ya shiga wanka da ita, ya buɗe famfo ya tsaya yana waƙa. Wannan ne Inna ba ta yafe ba. Ta ce mu nan muna zaman jiran mai garuwa tun safe, shi yana jiƙa shadda da ruwan famfo, in kashe abin nan kafin ranta ya ɓaci.

Ranta bai ɓaci sosai ba, don a wani suna da ta je ta gaya wa mata cewa ɗanta yana ɗinki da kwamfuta, ba keke, ba zare, kuma ko an ɗauke wuta yana yi. Mutane sun san aikin kwamfuta da ake yi wa wuyan riga, saboda haka ba wanda ya ga abin mamaki. Magana ta zaga daga Birni har Zango.

Goman ƙarshe na azumi, lokacin da kowane tela a Zinder ya rufe karɓar aiki, sai ga Goggo da turmin atamfa a leda. Na fara bayani, ta ce in bar rowa, ita ta goya ubana. Na sake farawa, ta ce riga da zane da ɗankwali, wuyan kada ya yi faɗi, ta sa takalmi ta tafi.

Me zan yi? Na shimfiɗa atamfar a tsakar gida na ɗauki hotonta, na gyara shi yadda furannin za su haɗu ba tare da an ga gaɓa ba, na ɗora a kan doguwar siket da riga. Wannan canjin launi ne kawai, bai ba ni wuya ba. Na ƙera mace mai kama da Goggo na sa mata. Saboda ladabi na rage mata shekaru, na rage wasu abubuwan kuma. Nufina ta ga samfuri, daga nan in lallaɓa ta mu je wurin tela.

Ta zo da maƙwabtanta biyu. Na juya mata matar gaba da baya. Goggo ta yi guɗa a hankali saboda azumi, ta ce tun da take ba a taɓa fitar mata da jiki haka ba. Ta buɗe leda.

"To ciro mini, ɗan albarka."

Na ce, "Goggo, ai tana ciki."

"Na ga tana ciki. Shi ya sa na ce ka ciro."

Na shiga ɗaki na ɗauko turmin atamfarta, ko ninkinsa ba a ɓata ba, na ajiye a gabanta. Ta dubi atamfa, ta dubi kwamfuta. A daidai lokacin matar, da yake na bar ta ba umarni, ta taka zuwa firji ta ɗauko abinci ta zauna tana ci, rana tsaka.

"Wato wannan ka ɗinka wa kayana? Wadda ko azumi ba ta yi?"

Maƙwabtan suka kama salati. Inna ta shige madafa ta bar ni.

Bayan shan ruwa na ɗauki leda na hau kabu-kabu sai shagon Kawu. Ya saurare ni har ƙarshe ba tare da ya ɗaga ƙafa daga keke ba. Ya ce zai ɗinka, ladansa kuwa ni ne: guga da sa maɓalli har daren Salla, kuma in zo da kwamfutar. Ya ɗora ta a kan tebur tana fuskantar ƙofa, Alhaji yana ta juyi a ciki. Ni ina baya da dutsen guga na gawayi, gumi yana shiga mini ido, masu karɓar ɗinki suna taruwa suna yaba rigar da na yi ba su san ni ne ba. Wani ɗan kasuwa ya ce shi irin wannan yake so, wadda hannunta ba ya zamewa daga kafaɗa, don ya gaji da gyarawa a sahun Idi. Kawu ko murmushi bai yi ba, ya ce sabon yayi ne, akwai ƙarin jika biyu. Da mutumin ya fita ya miƙo mini allura ya nuna mini inda zan kama ninkin ta ciki.

Kayan Goggo sun fito daren Salla, ni na kai mata da kaina. Washegari, ana can ana kallon hawa a ƙofar fada, ta aiko jikanta da saƙo cewa ɗinkin bai yi ba, ba haka ta gani a kwamfuta ba. Kawu ya ce a gaya mata awonsa ba ya ƙarya. Ta aiko cewa awon kwamfuta ne na gaskiya, don kwamfuta ba ta da son zuciya. Kawu ya buɗe littafin awo, ya zaunar da ni, ya sa na riƙa jan ƙugun matar nan yana cewa ƙara, ƙara, har ta yi daidai da abin da ke rubuce. Muka ɗauka muka tafi gidan Goggo yawon Salla.

Ta kalla da kyau, ta ce wannan ba ita ba ce, kishiyarta ce, ga tafiyar ma. Ta ce in maido mata tata ta farko, ita kuma wannan in tuɓe mata atamfar in nemo mai araha in sa mata.