Maganin cutar kansa ba ya nuna cikin shekara uku

A 1962 aka sassaƙo ɓawon wata bishiya a dazukan arewa maso yammacin Amurka aka aika da shi ɗakin gwaje-gwaje. Masana sinadarai biyu, Monroe Wall da Mansukh Wani, suka duƙufa a kansa, ana tacewa ana sake tacewa, sai a 1971 suka bayyana ƙirar sinadarin da ke ciki, wato taxol, maganin cutar kansa (ciwon daji). Sai a 1979 wata masaniya, Susan Horwitz, ta gano dabararsa: yana daskarar da zaruruwan da ƙwayar kansa ke buƙata kafin ta rabu biyu, don haka ta kasa hayayyafa. Hukumar kula da magunguna ta Amurka kuwa ba ta amince da shi ba sai 1992. Shekara talatin cif.

To, a ce matashin malamin jami'a ne ya ɗauko irin wannan aiki a yau. Kuɗin tallafin bincike yawanci na shekara uku ne zuwa biyar. Kwamitin ƙarin girma ƙidayar maƙalu yake yi, ya duba sunan mujallar da aka buga su. Mai iyali da ke jiran zama farfesa ba zai jingina rayuwarsa da ɓawon itace ba. Zai nemi sinadarin da aka riga aka sani, ya sauya masa ɗan kunne, ya gwada a kan ƙwayoyin kansa a cikin faranti, ya rubuta. Ban ga laifinsa ba, abin da aka shuka ya girbe. Amma a ganina wannan ma'auni na jami'o'i ya fi ƙarancin kayan aiki illa ga fannin binciken maganin cutar kansa.

Dubi cisplatin, wani maganin cutar kansa da aka samo daga ƙarfen filatinam. Barnett Rosenberg na Jami'ar Jihar Michigan ko maganin kansa ma ba ya nema. Tasirin wutar lantarki a kan bakteriya yake dubawa, sai ya ga sun daina rabuwa, daga baya ya gane ƙarfen filatinam na na'urarsa ne ya narke ya haifar da hakan. Ya buga sakamakon a 1965, aka amince da maganin a 1978, kuma a yau akasarin masu kansar maraina suna warkewa albarkacinsa. Wane kwamiti ne zai karanta takardar neman tallafinsa ya hango haka?

Masu kare ƙidayar maƙalu suna da hujja, dole a faɗa. Malalaci ma yana iya fakewa da "bincike mai nisa" ya ci albashin shekara goma. Sai dai maganin wannan shi ne manyan malamai su zauna su karanta aikin, su leƙa littafin gwaje-gwajen mutum, ko da hakan ya fi ƙidaya wahala.

Akwai kuma asarar da ba a cika magana a kanta ba. Mafi yawan sinadaran da ake haɗawa ba sa kaiwa ko'ina: wani ya kashe ƙwayoyin cutar kansa a faranti ya gaza a jikin ɓera, wani ya lalata hanta. Mujallu ba sa marmarin labarin gazawa, sai sakamakon ya kwanta a aljihun tebur. Bayan wasu shekaru ɗalibar digirin digirgir a wata jami'a ta haɗa sinadarin nan dai, ta ɓata wata goma sha takwas kafin ta gano abin da wani ya riga ya sani.